Babbaƙu da Bagadadi: Sharhi a kan Littafin Fara Karatu a Makarantun Matazu

A garin Matazu, da ƙauyukan da ke kewaye da shi har zuwa Musawa, ba wuya a sami yaro ɗan shekara shida wanda ake koya wa baƙaƙen Larabci sau biyu a yini guda, ta hanyoyi biyu da ba su san da juna ba. Da sassafe, ko kuwa da dare bayan lisha, yana zaune a zauren malam da allonsa bisa cinya, yana rera alu, ambaki, wau, zal. Da la'asar kuwa ga shi a kan benci a Islamiyya, riƙe da ɗan littafin nan da ake kira Ƙa'idar Bagadadi, yana bin malami da alifun, ba'un, ta'un. Iyaye da yawa suna ganin tun da yake baƙaƙen ɗaya ne, ƙari kawai yaron yake samu. Malaman Islamiyya kuwa, galibinsu, suna ganin littafin ya zo ne ya gyara ɓarnar da allo ya yi. Wannan takarda sharhi ce a kan littafin da abin da ya zo ya maye, domin a ga ko maganin ya sauka a inda ciwon yake.

Littafin ɗan ƙarami ne, ba ya ɗauke da sunan mawallafi, an kuwa daɗe ana fara wa yara karatu da shi daga Masar har Indonisiya kafin makarantun Islamiyya, waɗanda suka soma bayyana a ƙasar Hausa cikin shekarun 1950, su yaɗa shi a nan. Tsarinsa ba shi da wuyar bayani. Shafin farko ya jera baƙaƙe daga alif zuwa ya, kowane a tsaye shi kaɗai. Sa'an nan a ɗora wa kowane fataha, sa'an nan wasula uku, da tanwini da madda da shadda da sauran alamomi bi da bi, yaro yana harhaɗa gaɓoɓin da ba su da ma'ana, har a kai shi ga kalmomi. A bugu da yawa an haɗa shi da Juz'u Amma a ƙarshe.

Adalci ya wajabta a fara da abin da littafin ya iya, gama ba kaɗan ba ne. Yana da araha, yaro yana iya tafiya da shi gida, malami ɗaya kuma yana iya biya wa aji guda da shi a lokaci ɗaya, abin da malamin zaure ba zai iya ba, tun da yake shi kowane allo da darasinsa. Mafi girman alherinsa kuwa shi ne cika: baƙaƙe 28 duka suna gaban yaro tun ranar fari. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma sai an auna shi da hanyar allo za a ga nauyinsa.

A makarantar allo yaro ba ya fara karatu da jerin baƙaƙe. Da kunne yake farawa, ya haddace A'uziyya da Basmala da Fatiha da ƙananan surori, tun bai san siffar baƙi ko ɗaya ba. Bayan haka ne a koma da shi farko a rubuta masa abin da ya riga ya haddace, ba wasali ba alama, ya riƙa kiran sunan kowane baƙi yana ɗora yatsa. Wannan shi ne babbaƙu. In ya kai Suratul Fili, inda galibi ake tsayawa, sai a sake komawa da shi farko, a sa wasali bisa da wasali ƙasa da rufu'a da ɗauri, watau farfaru, kana a bar shi ya soma tashin karatu da kansa. Hanyar tana da dangantaka da ta mutanen Magariba, waɗanda Ibn Haldun ya bayyana a Muƙaddimarsa ta 1377 da cewa sun taƙaita karatun yara a kan Alƙur'ani da rubutunsa, ba sa gauraya shi da wani fanni.

To, tun da yake nassi ne ke kawo baƙaƙe, ba jeri ba, tambaya ta taso: yaron da ya gama babbaƙu ya sadu da su duka? Amsar tana samuwa ga duk wanda ya zauna ya ƙirga. Sananne ne ga malamai cewa baƙaƙe bakwai ba su zo a Fatiha ba. A'uziyya ta kawo biyu daga cikinsu, shin da jim. Suratun Nasi ta kawo ha mai ruwa da fa, Suratul Falaƙi ta kawo ca (ث). Saura biyu, zaira (ز) da zadi (ظ), kuma har a kai ƙarshen Suratul Fili ba za a gamu da ko ɗayansu ba. Watau yaron ya fita daga babbaƙu da baƙaƙe 26. Malamin da ya ƙara sura ɗaya, ya kai Suratul Humaza, ya sami zaira. Amma zadi ba zai bayyana ba sai a Suratush Sharhi, sura ta 21 in an ƙirgo daga Nasi, lokacin da yaron ya daɗe da barin kiran sunayen baƙaƙe. Wannan giɓi ne na gaske, Bagadadi kuwa ta toshe shi a shafinta na farko.

Amma fa baƙin da ke tsaye shi kaɗai ba shi ne baƙin da yaro zai tarar a cikin Mus'hafi ba. Rubutun Larabci haɗe yake, galibin baƙaƙensa suna sake siffa gwargwadon inda suka faɗo, farko ko tsakiya ko ƙarshe. Yaron da ya san ain a shafin farko na Bagadadi, mai buɗaɗɗen baki da doguwar jela, in ya gan shi a tsakiyar kalma ya rufe ya zama ɗan kusurwa uku, ba abin da zai gaya masa cewa baƙin nan ne dai. Littafin bai keɓe wa wannan darasi na kansa ba. Ya bar yaro ya tsinci siffofin da kansa a cikin kalmomi, ko kuwa malami ya cike da allon bango, in ya tuna.

A nan ne hikimar magabata ta fito. Sunayen babbaƙu sun fi 28 nesa ba kusa ba, domin siffa suke kira, ba baƙi kaɗai ba, kuma da harshen yaron suke kiranta. Ain na farkon kalma shi ne ain baki wofi, wanda bakin yara ya taƙaita ya koma ambaki. Na tsakiya kuwa ain likkafa ne, kuma duk yaron da ya taɓa ganin dokin hakimi da sirdi ba ya bukatar a yi masa ƙarin bayani. Nun na farko ko tsakiya nun guda ne, na ƙarshe mai kwarmi nun ara. Haka lam jaye da lam ara, haka mim jaye da mim ara. Ɗigo ruwa ne, don haka aka sami ha mai ruwa da shin mai ruwa. Baƙin da sanda ta tsaya a kansa ɗa mai hannu ne. Dunƙulallen ha na ƙarshen kalma ha kuri ne, in ya ɗauki ɗigo biyu ya zama ta kuri. Har alif ɗin da ba ya cikin asalin rasmu, wanda marubuta suke ƙarawa da jar tawada, an ba shi sunansa, alif ja, ta haka yaro ya san tun yana ƙarami cewa abin da aka rubuta da baƙa shi ne asali, abin da aka sa da ja taimako ne ga mai karatu.

Masana ilmin harsuna sun sha wahala kafin su samo kalmomin da za su rarrabe baƙi da siffofinsa daban-daban. Malaman zaure ba su rubuta nazari a kai ba, amma sun raɗa wa kowace siffa suna, kuma sunan da kansa darasi ne, gama yaron da ya ce likkafa ya riga ya faɗi abin da idonsa zai nema. Wanda ya ce ainun kuwa bai faɗi kome ba face sautin da ya ji malami ya yi. Ƙarin nan na "un" ma tanwinin nahawun Larabci ne, ba shi da aikin yi ga ɗan shekara shida, sai dai ya tsawaita waƙar.

Akwai kuma wani abu da ya shafi Matazu musamman, da sauran ƙasar noma ta wajen Malumfashi da Funtuwa. Daga faɗuwar ruwa har a kai amfani gida, yaran karkara suna gona tare da iyayensu, karatu yakan yi rauni ko ya tsaya. Yaron allo in ya dawo bayan kaka, nassin da baƙaƙensa suke rataye a kai yana nan a bakinsa, domin kullum yana jin sa a salla. Gaɓoɓin Bagadadi ba su da irin wannan turke. Ba a salla da su, ba a jin su a ko'ina sai a aji, saboda haka abin da damina ta wanke sai an sake shi daga farko.

Ba a ce babbaƙu ba ta da aibi ta fuskar ido ba. Tana da jinkiri, sunayen sukan bambanta daga malami zuwa malami, kuma yaro mai kaifin kunne yana iya rera darasinsa duka idonsa yana kan bango, malamin da almajirai suka yi wa yawa bai lura ba. Amma wannan aibin kulawa ne, yana kuma samun mai riƙe da Bagadadi daidai wa daida.

Yaron da ke zuwa makarantun biyu yana da wata matsala ta dabam, wadda ba kasafai ake faɗa masa ita ba. Allo da rubutun Magariba ake rubuta shi, bisa ruwayar Warshu, wanda ya rasu a 812, daga Nafi'u na Madina. Alƙur'anan da marubuta irin su Sharif Bala Gabari na Kano suka rubuta da hannu aka buga, su ma haka suke. Bagadadi kuwa da rubutun Gabas take, tana share fage ne ga ruwayar Hafsu daga Asimu, wadda bugun Alƙahira na 1924 ya ɗaukaka, sa'an nan maɗaba'ar Sarki Fahad ta Madina, wadda aka buɗe a 1984, ta cika duniya da ita. A rubutun Gabas baƙin fa yana da ɗigo ɗaya a bisa, ƙaf yana da biyu. A rubutun Magariba ɗigon fa a ƙasa yake, ƙaf kuwa ɗigo ɗaya gare shi a bisa. Watau siffa guda, ɗan kai da ɗigo a bisa, da safe ƙaf ce, da la'asar fa. Ba kuwa a wani lungu mai nisa yaron zai ci karo da wannan ba, gama surori uku na ƙarshen Alƙur'ani duk da ƙaf suka fara. In ya yi tuntuɓe a nan sai a ce ba shi da ƙoƙari, alhali kuwa abin da aka koya masa ne ya bi, sai dai a zauren da ba a nan aka koya masa ba. Bagadadi ba ta san akwai wani rubutu ba, ba kuwa laifinta ba ne. Laifin na wanda ya kawo ta ƙasar da allo ya riga ta zuwa ne, bai ƙara ko layi ɗaya na gargaɗi ba.

Yanzu sai a zo ga ainihin ƙarar da ake kai allo. Da wuya a sami wanda zai ce alarammomin ƙasar Hausa ba su iya ganin baƙi ba. Mutanen da suke rubuta Alƙur'ani sukutum da ka, su sa kowane wasali da kowane ɗigon hamza a mazauninsa, ba za a tuhume su da raunin ido ba. Abin da ake zarginsu da shi furuci ne, kuma zargin yana da tushe. Larabci yana da sautukan da Hausa ba ta da su, Bahaushe kuwa, kamar kowane mai koyon baƙon harshe, yakan ja kowane zuwa mafi kusa da shi a cikin nasa. Zal da zaira da zadi duk suka koma z. Sin da sodi suka zama s, ca ma sau da yawa ta bi su. Ɗa mai hannu ya koma ɗ, lodi ya koma l, ain ya narke cikin hamza. Kalmomin da Hausa ta aro shaida ne: zikiri da zakka da azahar baƙaƙe uku ne a Larabci, sauti ɗaya a Hausa. Sharaɗi da huɗuba da ɗalibi sun nuna hanyar ɗa mai hannu. Alƙali da farilla da larura da alwala sun nuna ta lodi.

A kan lodi ya kamata a dakata kaɗan, domin ana yawan yi wa masu shi dariyar da ba ta dace ba. Sibawaihi, a ƙarni na 8, ya siffanta mafitar wannan baƙi da cewa gefen harshe ne tare da turame, watau sauti ne na gefe, maƙwabcin lam. Harsunan da suka yi aro daga Larabci tun da wuri sun riƙe alamar haka. Kalmar da ta zama alƙali a Hausa ita ce ta zama alcalde a harshen Sifaniya, farali kuma ya zama perlu a harshen Malayu. Saboda haka l ɗin Bahaushe ba shi ne furucin da malaman tajwidi suka yarda da shi ba, amma ba daga jahilci kaɗai ya fito ba, kuma mai mai da shi d tsantsa, kamar yadda wasu ɗaliban Islamiyya suke yi suna ganin sun gyaru, bai fi shi kusa da daidai ba.

Sunayen babbaƙu kansu suna da hannu a wannan ciwo, dole a faɗa. Ha ƙarami da ha mai ruwa da ha babba da ha kuri sunaye huɗu ne, baƙaƙe uku, gama ha babba da ha kuri siffofi biyu ne na baƙi ɗaya. Sunayen sun rarrabe su sarai ga ido, amma sun gaya wa kunne cewa duka ha ne. Abin da ya ƙarfafa gani shi ne ya danne ji. Kuma yadda nassi ya jero su bai taimaka ba: zal shi ne baƙi na huɗu da yaro yake kira a rayuwarsa, ya zauna masa a matsayin z tun ranar fari, sa'an nan zaira da zadi su zo a makare su tarar an riga an ba da sautinsu.

Tambayar ita ce, me Bagadadi ta yi a kan wannan? In an duba littafin daga bango zuwa bango, amsar ita ce ba kome. Jerin alif, ba, ta jeri ne na kamannin siffa, an tara masu kama da juna a rubuce wuri ɗaya. Ya ajiye dal kusa da zal, ra kusa da zaira, ɗa mai hannu kusa da zadi, ya raba baƙaƙe ukun da kunnen Bahaushe yake gauraya su, ba darasi ko ɗaya da ya kawo su gaba da gaba. Jerin da ya dace da kunne ya daɗe da samuwa, tun da Halilu ɗan Ahmadu ya tsara ƙamusunsa Kitabul Aini bisa mafitar sautuka, daga maƙogwaro zuwa leɓɓa, amma ba shi littafin ya bi ba. Takarda ba ta furuci. In malamin da ke riƙe da ita z yake cewa a wurare ukun, z yaran za su ce, sai dai yanzu da ƙarin "un".

Lalle furuci ya gyaru ƙwarai a ƙasar Hausa cikin shekarun baya, amma ta kunne gyaran ya shigo. Shaihu Mahmud Halil Husari ya ɗauki karatun Alƙur'ani duka a faifai a 1961, rediyo da kaset suka kai irin wannan karatu har ƙauye. Musabaƙar karatun Alƙur'ani ta ƙasa, wadda Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato ta fara a 1986, ta sa tajwidi ya zama abin nema ga yara da iyayensu. Domin littafin da gyaran sun iso a zamani ɗaya, ta hannun mutane ɗaya, sai aka ba littafin ladan da ba shi ya yi aikin ba. Haka kuma aka ɗora wa Warshu laifin da ba nasa ba, har wasu yara suna zaton Warshu sunan karatu mara tajwidi ne. Husari kansa ya ɗauki ruwayar Warshu daga baya, maɗaba'ar Madina tana buga ta, kuma mutanen Maroko da Aljeriya da ita suke karatu ba tare da sun mai da lodi lam ba.

Ƙa'idar Nuraniyya ta Shaihu Nur Muhammad Haƙƙani na Indiya, wanda ya rasu a 1925, wadda wasu makarantu suka koma gare ta, ta fi Bagadadi ta fuskoki biyu: ta ba haɗaɗɗun baƙaƙe darasi nasu, ta kuma shigo da hukunce-hukuncen tajwidi da wuri. Amma ita ma ba don bakin Bahaushe aka tsara ta ba, ba ta kuma san rubutun allo ba.

Akwai hasarar da ta shafi masu nazarin Hausa kai tsaye. Ajamin Hausa a kan rubutun allo aka gina shi. Ɗigon yamala, wanda ke nuna karkatar wasali a ruwayar Warshu, shi marubuta suka ara ya zama wasalin e, fa da ƙaf kuma da ɗigonsu na Magariba suke. Ɗalibin da Bagadadi kaɗai ya sani, in an miƙa masa waƙar Nana Asma'u da hannun magabata, ko wasiƙar kakansa, zai tsaya tun a layin farko, ko da kuwa ya sauke Alƙur'ani.

Abin da malaman kwalejojin horon malamai za su iya yi ba ya bukatar sabon littafi mai kauri. Shafuka kaɗan ne suka ɓace. Ɗaya ya ajiye fa da ƙaf na Gabas da na Magariba gefe da gefe, a nuna wa yaro tun makon farko cewa hannu biyu ne. Wani ya riƙe sunayen siffofi, likkafa da ara da jaye da kuri, a wurin da Bagadadi ta yi shiru, tun da yake yaran Matazu da yawa da su suke shigowa aji, kyauta. Sauran kuma su zama na kunne, a jera sautukan da Hausa take haɗewa, malami ya furta, yara su nuna baƙin da suka ji tun kafin a nemi su furta da kansu. Larabci bai rasa kalmomin yin wannan ba. Fi'ilin da Bahaushe zai furta zalla, in da zaira aka rubuta shi ma'anarsa ya zame, in da zal ne ya ƙasƙanta, in da zadi ne ya yini yana yin abu. Ɗalibin kwalejin da bai iya raba ukun nan da bakinsa ba, ya kamata a fara da shi kafin a tura shi aji.